Akuyar Inna

…kuma ai akuyar baƙa ce. Wa zai ce ba baƙa ba ce? Ɗan farin da ke ƙafarta ta hagu ko tafin hannu bai kai ba.

Adawiyya tana zaune bakin murhu, jikarta Safina a cinya, kunun safe yana hucewa, ba wanda ya taɓa.

"Tashi mana, ƙawata, taka in gani."

Yarinyar tana miƙewa, ƙafar tana lanƙwashewa kamar jiƙaƙƙen tsumma. Yau kwana uku.

Zazzaɓi ne kawai… haka ɗanta Yahuza ya ce, ya fita neman mai adaidaita su tafi asibitin Jahun. Bai sani ba. Da wane baki za ta faɗa masa?

Ranar nan a ɗakin Rakiya 'yar bori, hayaƙin turare, garaya… sai muryar nan da ba ta Rakiya ba, siririya, ta Bafulatana. Inna. Iskar da ke tsare shanun gidan tun zamanin kakan maigida. Maigidan ke ba ta abinta duk shekara, a ɓoye, har ya rasu bai gaya wa kowa ba. "Baƙar akuya, babu ɗigo. Kuɗin da mai ita ya yanka, ki biya. Ban da tayi."

Ban da tayi? Ita? Ita da dillalan kasuwar Miga ke sauya hanya in sun hango mayafinta? Mai akuya baƙa wuluk ɗin nan har da murmushinsa, ya ga matar mamaci, ya ga buƙata. Ta juya masa baya. Ta kusa da ita ta saya, da araha… baƙin tukunya da man gyaɗa, ta murza, ta murza, har farin ya ɓace. Rakiya ta duba ta karɓa. Rakiya mutum ce. Waccan fa?

Astagfirullah. Malam ya ce duk shirka ce, babu mai yi sai Allah. To, ta yarda. Amma me ya sa ta hagu? Me ya sa…

Tana mintsinin ɗan yatsan ƙafar, da ƙarfi. Safina tana kallon kaji.

Inna, ki ji. Saki ta yarinya, ga tawa. Duka biyun ma. Lafiyarsu ƙalau, suna kai ni kasuwa su dawo da ni, gwiwar ce kawai in damina ta…

Tsohuwa a madadin sabuwa. Har da yabon kaya. Tayi ne wannan ma… tayi take yi.

Ga ƙarar adaidaita a ƙofar gida, Yahuza yana kira. Adawiyya tana dafa ƙasa za ta tashi, ƙafar ta ƙi… gajiya ce. Gajiya ce, ko?