Laccar Bankwana ga Naɗe-Tabarma

Yayana ne ya fara nuna min yadda sararin samaniya ke buɗewa. Ya ɗiɗɗiga tawada a jikin balan-balan, ya hura, ɗigon suka yi ta nesa da juna. Ya ce haka tarin taurari ke guje wa junansu. Ina firamare lokacin, shi kuma yana digiri na biyu a sashen ilimin taurari, a hannun wani Farfesa da ɗalibai ke kira Naɗe-Tabarma a bayan idonsa.

Karatun Farfesan ne ya jawo masa sunan. Farfesa ya kafe a kan cewa buɗewar nan za ta gaji wata rana, nauyin taurari ya jawo komai baya, sararin ya naɗe ya koma dunƙule guda. A kan haka ya rubuta littafinsa, da shi ya hau kujerar farfesa. Sai ga sabon awo daga masu hangen taurari yana nuna cewa buɗewar ba sanyi take yi ba, ƙara gudu take. Yaya ya sa wannan a babin ƙarshe na bincikensa. Ranar kare aikin, Farfesa ya ɗaga kundin da yatsu biyu, ya sake shi cikin kwandon shara, ya ce sashensa ba ya yaye 'yan jita-jita. Babanmu na zaune a layin baya da sabuwar rigarsa.

Yaya bai samu digirin ba. Duk jami'ar da ya nufa, wayar Farfesa ta riga shi isa. Ƙarshe ya buɗe shagon gyaran janareta a ƙarƙashin gada, ya daina zancen taurari kwata-kwata. Har Baba ya rasu ba a sake tayar da maganar a gidanmu ba.

Ni ban manta ba. Na karanci fannin, na ƙaro ilimi a waje, na dawo sashen nan na kama aiki. Ina rusuna wa Farfesa, ina karɓar masa jaka a bakin mota. Bai taɓa tambayar ƙanwar wa ce ni ba, don ba ya riƙe sunan ɗalibi. 'Yata yake kirana. Da lokacin ritayarsa ya zo, da bakinsa ya ce ni zan yi laccar girmama shi.

Na je shago na gayyaci Yaya. Yana goge baƙin mai da tsumma ya ce in ƙyale tsoho ya tafi da mutuncinsa. Na ce ya zo kawai, sauran nawa ne.

Ranar, zauren ya cika. Matar Farfesa da 'ya'ya da jikoki suna layin gaba. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi zama. Na fara da yabo, Farfesa na gyaɗa kai. Daga nan na shiga haska shafukan littafinsa a allo, kowane shafi da awon da ya ƙaryata shi a gefe. Ban ɗaga murya ba. Na bayyana inda hujjojin yau suka fi karkata: tarin taurari za su yi ta nisa har wani ya daina hango wani, taurari su ƙone su mutu ɗaya bayan ɗaya, sai duhu da sanyi. Babu naɗewa, babu dawowa.

Sai na ce wani ɗalibi ya taɓa rubuta wannan a sashen nan, na faɗi abin da aka yi wa aikinsa a gaban mahaifinsa. Na nuna ƙofa. Kowa ya waiwaya.

"Ranka ya daɗe, ga shi can," na ce. "Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ko akwai gyaran da za ka yi masa yau?"

Farfesa ya jawo makirufo, sai kuma ya ture shi gefe. Babbar 'yarsa ce ta kama shi suka fita ta ƙofar baya, ba a ko yanka kek ba.

Bayan kwana biyu Farfesa ya aiko direbansa ofishina, wai yana son sanin inda shagon yake, zai je ya ga Yaya. Na buga wa Yaya waya a gaban direban. Ya saurari saƙon har ƙarshe.

"Ki ce in janaretansa ya lalace ya kawo," in ji shi. "Amma akwai mutane a gabansa a layi."

Na sa direban ya maimaita saƙon don kada ya rage ko kalma.

Rabin malaman sashen sun daina amsa gaisuwata, wasu kuma suna matse min hannu a lungu. Da aka zo rabon ofisoshi na nemi na Farfesa, aka ba ni. Bai gama kwashe kayansa ba na kira kafinta ya canza makulli.