Hannun Malama a Majalisa

Shekara da shekaru Malama ta yi tana riƙe da alli, kuma duk yaron da ya bi ta hannunta ya fita da doka ɗaya ko da bai fita da lissafi ba: in kana da magana, ka ɗaga hannu ka jira a kira ka. Mai tsalle yana "ni, ni, ni" kuwa, sai ya bushe a tsaye bai samu ko kallo ba. Da wannan doka ta fara koyarwa, da ita ta zama shugabar ƙaramar makarantar bayan rafi, da ita kuma ta tafi majalisar ƙasa lokacin da iyayen yara suka taru suka ce ba wanda za su tura sai ita.

To, hali zanen dutse. Ran farko aka nuna mata kujerarta can baya, gindin wani ƙaton ginshiƙi da ya tare mata rabin fuskar Kakakin majalisa. Ta jera takardunta, ta gyara zaman tabarau, da aka zo batun da ta sani ta kafa gwiwar hannu a tebur ta ɗaga yatsa. Kafin yatsan ya gama miƙewa manyan mutane sun zabura tsaye, kowa na kiran "Mai girma Kakaki" kamar mota za ta tashi ta bar su. Kakaki ya zaɓi wanda ya fi kowa ƙara. Malama ta sauke hannunta, ta ce a ranta gobe ma rana ce.

Gobe ta zo, jibi ta wuce, har shekara ta zagayo, ko tarinta majalisa ba ta ji ba.

Wanda ke zaune kusa da ita tsohon shugaban direbobin tasha ne, Lasifika ake ce masa, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Shi ne ya fara jin tausayinta.

"Malama, hannun nan naki ba ya sagewa? Nan fa ba aji ba ne. Ki miƙe ki buɗe murya kawai, ko ba ki shirya abin faɗa ba zai zo miki a hanya."

"Abin da na hana 'ya'yan mutane shi zan zo in yi da furfurata?" in ji ta. "Ai akwai tsari."

"Tsarin ke nan kike gani," in ji shi, ya miƙe ya ci gaba da ihunsa.

A gida ma ba ta tsira ba. Maigidanta tela ne, ya ajiye talabijin a gaban keken ɗinki don kada zaman majalisa ya wuce shi. Duk ranar da ta dawo hutu sai ya tare ta da fara'a.

"Jiya na gan ki. Wato na ga hannun, na kuma gane zoben. Sauran jikin ginshiƙi ya cinye."

"Malam, ka bar ni da abin da ke damuna."

"Mutanen gari fa sun fara tambaya ko azumin magana kika ɗauka."

Ta yi dariya, amma maganar ta sosa mata rai.

Ana nan sai gwamnati ta kawo ƙudurin haɗe ƙananan makarantu da manya, wai don rage kashe kuɗi. A takarda abin ya tsaru. Makarantar bayan rafi tana cikin waɗanda za a rufe, a tura yaranta babbar makarantar tsallake. Malama kuwa ta san rafin nan kamar yunwar cikinta. Da rani ɗan akuya ma tsallake shi yake, amma in ruwa ya sauka babba ma sai ya tsaya ya yi shawara, kuma ba uwar da za ta saki ɗan aji ɗaya ya shiga. In aka rufe makarantar, karatun yaran ya ƙare ke nan. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta ji ba ko ranar zaɓe.

Duk kwanakin da aka yi ana muhawara hannunta na sama. In na dama ya gaji ta sauya na hagu. Ranar ƙarshe ta ga Kakaki ya tattara takardunsa, ya jawo gudumarsa kusa, alamar za a kaɗa ƙuri'a. Zauren ya kaure, rabin mutane a tsaye, wani na dukan tebur, wani na nuna wani da yatsa.

"Malama," in ji Lasifika, a karon farko da murya ƙasa-ƙasa, "in ya buga gudumar nan an gama fa."

Ta dubi hannunta, ta sauke shi. Ta miƙe ta zagayo ginshiƙin, niyyarta ta ce "Mai girma Kakaki" kamar kowa. Amma bakin da ya saba tsayar da ɗaruruwan yara a filin makaranta ba tare da lasifika ba, abin da ya saba shi ya fito.

"Kowa ya zauna!"

Suka zauna kuwa. Masu manyan riguna, masu manyan tumbi, har da wani da ke tsakiyar zagi, duk suka nemi kujerunsu kafin su tuna su wane ne. Ai ba wanda bai taɓa zama a aji ba. Kakaki kansa sai da ya gyara zama ya ajiye guduma.

Kunya ta rufe Malama, amma ta ga in ta tsaya jin kunya hayaniya za ta dawo. Ba ta ko taɓa takardunta ba. Ta gaya musu yadda rafin yake, inda ruwa ke kai wa yaro ɗan shekara shida, da yadda ta sha tsayawa a bakinsa tana ƙirga kawuna. Ta nemi a cire duk makarantar da ruwa ya raba da 'yar'uwarta daga cikin waɗanda za a rufe. Lasifika ya zabura ya goyi baya da muryar da ta girgiza fankoki. Aka amince da gyaran. Kakaki ya ja kunnenta kan karya dokar zaure, ta ba da haƙuri, kuma har zuciyarta ta bayar.

Da aka yi hutu ta kai ziyara makarantar. Sabon shugaba, wanda da can mataimakinta ne, ya raka ta aji uku yana ta sosa ƙeya.

"Ranki ya daɗe, sai dai ki yi haƙuri da abin da za ki gani. Tun da suka kalle ki a talabijin muke fama."

Ta ɗauki alli ta rubuta ɗan lissafi a allo, ta juyo ta ce wa zai gwada. Ajin ya tashi gaba ɗaya. Masu dukan benci na yi, masu tsalle na yi, wani ɗan ƙiriniya ya haye kujera yana ce wa sauran kowa ya zauna. Malama ta tsaya da alli a hannu, dariya na cin ta, takaici na cin ta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wa za ta yi wa faɗa?

Sai ta hango can baya, bayan ƙofar da aka bari a buɗe, wata 'yar siririyar yarinya zaune, gwiwar hannu a kan benci, yatsa a sama, ta tallafe shi da ɗaya hannun don ya gaji. Malama ta san wannan gajiyar, kuma ta san daga wa yarinyar ta gaji dokar. Ta ratsa tsakanin masu ihu har ta isa gabanta.

"Tun yaushe hannunki ke sama?"

"Tun da kika fara rubutu, Malama."

"To taso, ga alli," in ji Malama. "In kuma wata rana kika ga an daɗe ba a kira ki ba, kuma maganar ba ta jira, ki miƙe tsaye."