Taga ta Uku

Da aka ce an yanka tsohon gidan waya an mai da shi ɗakunan haya, Baba Kan-Sarki ya hana 'yarsa sakat. Shekara talatin ya yi a taga ta uku yana sayar da kan sarki. A nan ya haɗu da marigayiya uwarta, wadda kullum sai ta zo sayen guda ɗaya, alhali ko kaza ba ta da ita a wani gari balle wanda za ta rubuta wa. Shi dai a kama masa ɗakin da tagar ta faɗa ciki.

Da suka je gani, dillali ya sha gabansu, baki kamar rediyo.

"Baba, ga falo, ga kicin, ga tayil har fuskarka za ka gani."

"Ina tagar?"

"Tagogi ai birjik, Baba. Sai iska ta ishe ka."

Tsoho bai kula shi ba. Ya koma babbar ƙofa ya fara ƙirga taku, yadda ƙafarsa ta saba. A taku na sha bakwai sai ga shi a banɗaki, hancinsa na gogar bango. An toshe wurin tagar da bulo, an kafa shawa.

"Har da ruwan zafi," in ji dillali.

'Yar ta riƙo hannun uban. "Baba, mu duba na sama?"

Ya daɗe yana shafa bangon daidai ƙirjinsa.

"A'a, uwata, wannan za ki kama. Ki sa mini kujera a nan."