Tari a Bakin Taga

Kwana tara ke nan Sahabi yana zaune gefen gadon Inna Hure a wani ƙaramin asibiti a Gummi, kuma ko sau ɗaya ba ta ɗaga ido ta dube shi ba. Ba fushi ba ne. Shi ɗan fari ne, ita kuwa Bafulatana ce ta gaske, wadda ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba tun da ta haife shi. Kakarsa ce ta rene shi. In ta kama dole Inna ta ambace shi, sai ta ce "wancan".

Daga rugarsu ta bayan Nasarawa Burkullu ya ɗauko ta a babur. Ƙannensa duk sun yi kudu da shanu tun da daji ya lalace, wayarsu ma ba ta shiga. Shi kaɗai ya rage, daga shi sai tarin da ya kwaso a ramin zinare na Bagega.

Likita bai ɓoye masa ba: ciwon daji ne a cikinta, ya riga ya ci ƙarfinta. Abin da ya saura shi ne kada ta cika cikin azaba. Akwai maganin raɗaɗi mai ƙarfi, amma sai an san inda ciwon ya kai ake ba da shi.

To, a nan gizo ke saƙar. Inna ba ta jin Hausa sai kaɗan-kaɗan. Kowace safiya nas Habsu takan zo ta ce, "Malam, tambaye ta, ina ke mata ciwo?"

Sahabi ya sunkuyar da kai ya tambaya da Fillanci. Inna ta juya wa bango fuska ta ce, "Jam tan." Wato lafiya lau. Habsu ta rubuta, ta ba da ƙwaya biyu ta wuce. Shi kuwa bawan Allah har hamdala yake yi, alhali yana ganin gumi na tsattsafo mata a goshi, tana murɗe bakin zanenta.

Rana ta goma wata dattijuwar Bafulatana mai tallan nono a ƙofar asibitin, Nana, ta shigo da furar da ya saya. Ta dubi Inna, ta dube shi.

"Kai wane ne gare ta?"

"Ɗanta ne, Goggo."

"Na nawa?"

"Na fari."

Nana ta dire ƙwarya ta rafka salati. "Kai ne ke tambayarta ciwo? Kai? Haba ɗan nan, kamar ba a ruga aka haife ka ba! Ai ko yanka ta ake yi ba za ta yi nishi gabanka ba. Tashi ka fita, ka turo mini nas ɗin."

Ya fita ya tsuguna bayan ɗakin, ƙarƙashin taga. Bai daɗe ba ya ji wani dogon nishi, irin wanda bai taɓa ji daga bakin mahaifiyarsa ba. Sai magana, tana fita da ƙyar, tana lissafa wa Nana: cikin, bayan, ƙashin ƙugu, tun kafin damina. Wallahi zuciyarsa ta yi baƙi. Ashe duk kwanakin da ya zauna yana ganin jinya yake yi, shi ne ya toshe mata baki.

Habsu ta ba ta maganin, sannan ta zagayo ta same shi. "Malam, ka yafe ni. Na tambayi sunanta da shekarunta, ban tambayi yadda kuke da ita ba." Ta ce daga yau Nana ce tafinta.

Sahabi ya ga ko tagar ma ta yi kusa. In Inna ta san yana nan, za ta sake haɗiye ciwonta. Ya ɗauki buzunsa ya koma can bakin ƙofar asibiti, gindin darbejiya. Masu zuwa dubiya suna wucewa da kwanuka, biyu-biyu, uku-uku, babu mai ce masa sannu. Kwana biyu yana nan, yana tsoron kada ta tafi yana nesa, yana kuma tsoron matsawa. Kaɗaici ya ishe shi.

Da hantsi a rana ta uku Nana ta fito ta tsaya kansa.

"Ta sami barci, har ta sha kunu. Amma jikin sai a hankali, ba zan ruɗe ka ba." Ta gyara mayafi. "Ta sa mun tura gadonta jikin taga. Ta ce in tambaya, wai wancan ya tafi ne? Tun shekaranjiya ba ta ji tarinsa ba."

Sahabi ya miƙe. Ya naɗe buzunsa ya koma bayan ɗakin, ya shimfiɗa, ya jingina da bango. Tarin nan da ya shekara bakwai yana hana shi sakat, yau ya ƙi zuwa. Ya jira, ya jira. Da ya ga ba zai zo ba, sai ya dafe ƙirji ya ƙirƙiro shi, sau uku, da ƙarfi, hawaye na zubo masa.