Ranar Da Honarabul Ya Ja Akuya

Tun a bakin rafi akuyar ta fara ba su wahala. Ta kafe ƙafafu cikin laka ta ƙi shiga kwalekwale, sai da Baba Akaaza, babban dattijon zuriyar Mbakume, ya sa mutum biyu suka ɗaga ta cak. Suna tsakiyar ruwa ya ɗaga kai ya dubi ginshiƙan gada guda biyar, uku an ɗora musu kankare, biyu tsirara da ƙarafa a kai. Saboda biyun nan ya fito yau.

Zuriya biyu ce ke da mazaɓar, Mbakume a wannan gaɓa, Mbashor a waccan, 'ya'yan wa da ƙane. Kujerar majalisar jiha karɓa-karɓa suke yi: shekara takwas nan, shekara takwas can. Yanzu Honarabul Tyowua Agera na Mbashor yana cika takwas ɗinsa, rabo ya dawo Mbakume, a cikin Mbakume kuma ya faɗo gidan su Akaaza. A gidan nan wanda ke da takarda da baki shi ne Gbenda, ɗan marigayi ƙanensa, mai sayar da kayan babur a Gboko. Akaaza ne ya rene shi, don haka ya san shi. Gbenda bai taɓa gama abin da ya fara ba, ko da kunyar doya ce.

Shi ya sa dattawan Mbakume suka zauna sau uku, suka yarda su bar rabonsu ga Tyowua ya yi wasu shekara huɗu ya ƙarasa gadar. Hanyar yin haka guda ce tun kakanni. Mai barin rabonsa, gona ce ko muƙami, ya kai akuya. In wanda aka kai wa ya yanka, ɓangare biyu suka ci, magana ta ƙare, ba mai tayar da ita.

Akaaza bai ga laifin abin da suka yanke ba. Ai Tyowua ba irin 'yan majalisar da aka saba gani ba ne. Malamin gona ne a da, mai yawo ƙauye-ƙauye a keke yana koya wa mutane feshin lemu. Da ya shiga majalisa, duk abin da ake muhawara a kai, in ya miƙe sai ya karkato da maganar zuwa rafin nan, har abokan aikinsa suka sa masa suna Honarabul Gada. Da ya ga magana ba ta ci, sai ya gayyaci 'yan kwamitin ayyuka cin sakwara a Mbakume cikin watan Agusta, bai gaya musu ta inda ake bi ba. Ranar rafi ya cika ya batse. An ce shugaban kwamitin ya rungume matuƙin kwalekwale yana kiran Maryamu uwar Yesu har suka kai gaɓa. Shekarar da ta biyo baya aka fara kafa ginshiƙai. Shekara takwas, mutumin nan bai gina bene ba, bai sauya mata ba, kuma duk damina da hannunsa yake ɗaga kunyoyin doyarsa.

Sun sami Tyowua a bayan gidansa yana gyara rumfar doya, daga shi sai gajeren wando. Matarsa, Mama Nguyan, ce ta fara tarbarsu.

“Lale, Baba! Yau da baƙuwa kuka zo mana? Ta kuwa fi ku ƙiba duka.”

“Ke dai ɗora tukunya, 'yata,” in ji Akaaza. “Ki ce wa mijinki ya sa riga, dattawa ne.”

“Ai in kuka sa shi ya sa riga kun yi abin da majalisa ta kasa.”

Aka zauna a ate, rumfar baƙi ta tsakar gida. Dattawan Mbashor sun riga sun ji labari, sun hallara, har wani ya zo da wuƙarsa a kube. Aka sha ruwa, aka gaisa gida-gida. Sannan Akaaza ya miƙe ya yi bayani a tsanake. Ya ambaci doyar da ke ruɓewa a gaɓarsu duk damina. Ya ambaci mata biyun da kwalekwale ya kife da su shekara uku da suka wuce. Ya rufe da cewa, “Ɗana, ba ka roƙe mu ba. Mu muka zo da ƙafarmu. Ga rabonmu, ka ci.”

Mai wuƙa ya fara gyara zama. Tyowua ya ɗaga masa hannu.

“Kawu, mayar da ita kube tukuna.” Ya juya ga Akaaza. “Baba, ka tuna wanda ke kan kujerar nan kafin ni?”

“Lauya Ikyaator ne, ɗanmu.”

“Mutum ne mai ilimi. In ya yi Turanci a majalisa har 'yan jarida tafi suke yi. Da wa'adinsa ya cika, mutanena suka duba gida suka ga ba su da kowa sai wani mai keke da ke warin maganin ƙwari. Kunya ta kama su. Suka kama akuya za su kai muku, don lauya ya zarce. Wa ya tare su a bakin rafi?”

Akaaza bai manta ba, ya dai yi ta kauce wa tunawa tun ranar da aka fara zaman dattawa.

“Kai ne, Baba. Ka ce su mayar da akuyarsu, rabo ba ya duban fuska. Ina bayan itacen mangwaro ina jin ka. Da ka bar su sun haye, da yanzu ina can ina feshin lemu, ginshiƙi ko ɗaya babu.”

“Kai daban, Gbenda daban,” in ji Akaaza. “Ni na goya yaron nan. Na san abin da zai iya da abin da ba zai iya ba.”

“Ni ma waɗanda suka goya ni haka suka ce.”

Dattawan Mbashor suka sunkuyar da kai, wani ya yi tari.

Ran Akaaza ya ɓaci. Ya buga sandarsa a ƙasa. “To ji nan, Honarabul. Magana mai daɗi ba ta tsallakar da mai naƙuda. In Gbenda ya watsar da aikin nan, kwalekwale ya sake kifewa da 'yar wani, me za ka ce wa uwarta? Ka ce mata al'ada ce?”

Tyowua ya dubi tafin hannunsa. Har kukan akuyar ake ji daga gindin lemu inda aka ɗaure ta.

“Ba abin da zan ce mata,” ya ce a hankali. “Alhakin yana wuyana, ba zan ɗora wa kowa ba. Kuma ban ce maka na tabbata ina da gaskiya ba, Baba. Tun da na ji kuna tafe nake juya abin, har yau bai kwanta mini ba. Abu ɗaya na sani. Ni kun kawo mini akuya don kuna so na. In na ci, wanda zai zo bayana ba zai jira a kawo masa ba. Aikawa zai yi a kamo ta, da 'yan sara-suka. Ranar nan ba rashin gada ne zai raba Mbakume da Mbashor ba.”

Ya tashi ya shiga ɗaki. Akaaza ya zauna. Ya ga mutane da yawa sun yi rantsuwar ƙarya don kujerar nan, ya ga an ƙona rumbun doya saboda ita. Bai taɓa ganin an ajiye ta a gaban mutum, da hannu biyu, da yardar kowa, ya ce a'a, kuma bai ko ce shi ne mai gaskiya ba.

Da Tyowua ya fito, ya yafa zanen nan mai ratsin baƙi da fari da yake sawa ranar buɗe majalisa, da hularsa. Ya wuce gindin lemu ya kwance igiya.

“Bari yara su mayar da ita,” in ji wani dattijo.

“Ni aka kawo wa.”

“To ka shiga mota mana,” in ji Mama Nguyan daga bakin madafa. “Ko so kake a ce na auri makiyayi?”

“In na sa ta a mota wa zai gani? Gobe a ce mun yanka a ɓoye.”

Ranar kasuwa ce, rana kuma ta take. Mil uku ne zuwa rafi, ta tsakiyar kasuwar hanya ta bi. Yana gaba da akuya, dattawa na biye, Akaaza na dogara sanda a ƙarshe. Masu burkutu ne suka fara hango su.

“Honarabul Gada! Sabuwar motar ce gwamnati ta raba muku?”

“Ranka ya daɗe, wannan ba ta shan mai, ko?”

Shi ma dariya yake yi yana ɗaga musu hannu. Amma wata tsohuwa mai sayar da riɗi ta dubi akuyar, ta dubi dattawan Mbakume, ta gane inda aka dosa. Ta ajiye mudunta ta miƙe tsaye. Na kusa da ita ya miƙe. Dariyar ta yi ta mutuwa rumfa bayan rumfa, har Akaaza ya ji ƙarar takun akuyar a kan tsakuwa. Ko a coci bai taɓa jin irin wannan shirun ba.

A rafi akuyar ta sake kafewa. Tyowua ya naɗe zanensa, ya shiga laka har gwiwa, ya ɗauke ta a ƙirji ya shiga kwalekwale.

Sun sami Gbenda a ƙofar gida, zaune kan ɗaurin fastocin kamfen ɗinsa, ido jawur. Tun safe yake gaya wa duk mai wucewa cewa tsofaffi sun sayar da shi. Da ya ga mai zuwa da abin da yake ja, ya miƙe, bakinsa a buɗe, magana ta ƙi fita. Akaaza bai taɓa ganin haka ba tun da yaron ya koyi magana.

Tyowua ya miƙa masa igiyar.

“Ƙanena, riƙe. Taku ce. Wata bakwai suka rage mini. Litinin da asuba ka zo mu tafi Makurdi, in nuna maka ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa da waɗanda ake zama a bakinsu har a gaji da ganinka. Ka bar takalman nan masu tsini a gida, da ƙafa za mu yi ta hawa bene.”

Gbenda ya karɓi igiyar da hannu biyu. Murya can ƙasa ya ce, “Yaya, me zan zo da shi?”

“Biro. Sai kunnuwanka.”

Mutanen Mbakume sun cika ƙofar gidan, duk ido na kan Akaaza, don shi ne zai furta. Ya dubi ɗan ƙanensa, har yanzu bai ga ɗan majalisa a jikinsa ba, kuma ya san damina ba za ta jira kowa ya koyi aiki ba. Ya dubi ɗayan, laka har gwiwa, yana share gumi da gefen zane. Ya ɗaga sanda.

“Ba a ci ba,” ya ce. “Rabon Mbakume ya dawo gida. Gbenda ne.”