Ƙararrawar Calandria

Kwana biyu ke nan da aka yi wa Tero tiyata, amma ko tsinken ciyawa bai saka a baki ba. Yana tsaye a ɗaki na uku a asibitin dawakai na bayan garin Ayacucho, an naɗe masa ciki da farin bandeji, robar ƙarin ruwa na rataye bisa kansa, shi kuwa ya sunkuyar da kai har leɓensa na neman taɓa ƙasa. Mai shi, Don Nicasio Ledesma, yana zaune a bakin ƙofa kan bokitin da ya kifa, riƙe da ƙoƙon mate, shayin ganyen mutanen ƙasar, wanda ya huce tun ɗazu bai sani ba.

Likita Marisel Etcheverry ta shigo, ta saka abin saurarenta a kunne, ta ɗora shi a kwiɓin dokin, dama da hagu, sama da ƙasa. Ta daɗe tana saurare.

"Yaya, 'yata?" in ji Nicasio. Tun tana ƙarama ya san ta, don haka bakinsa bai taɓa sabawa da ce mata Likita ba.

"Cikin ya yi shiru, Don Nicasio. Ɗinkin ya yi kyau, inda hanjin ya murɗe ma na warware shi. Amma hanjin ya kwanta barci, ya ƙi tashi."

"To a tashe shi mana."

"Duk allurar da ake yi na yi masa. Saura nasa. Ya taka, ya ɗan ci, ya yi kashi. In ya yi kashi mun tsira. In kuwa har gobe da yamma ba mu ga komai ba..."

"Ƙarasa, ni ba yaro ba ne."

"Ba zai jure a sake buɗe shi ba. Sai dai mu hutar da shi."

Nicasio ya gyaɗa kai, ya zuƙi maten nan mai sanyi. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban bijimi.

Shekararsa saba'in da ɗaya, duk a kan sirdi ya yi su, yana duba shanun wani gandu mai nisan kilomita ashirin daga gari. Dawakansa bakwai ne, jajaye, kai ka ce uwa ɗaya ta haife su, sai kuma uwar garkensu, wata goɗiya fari da baƙi mai suna Calandria. To amma tun da ya faɗi ya goce ƙugu shekara huɗu da suka wuce, duk cikin bakwai ɗin Tero kaɗai yake iya hawa. Shi ne mai zuwa ya tsaya jikin kututturen ƙofar gida, ya jira tsohon ya hau kututture, ya jawo ƙafarsa da hannu biyu ya ƙetara, ko kunne ba ya kaɗawa. Sauran shidan kuwa, kafin ka sami likkafa sun yi gaba. Manajan gandu ya riga ya yi masa zancen wani ɗan gida a gari har sau biyu, cikin ladabi, yana ta yabon kusancinsa da kantin magani. Nicasio ya sani sarai, ranar da Tero ya tafi, ranar za a kawo motar kwasar kaya.

Da rana suka gwada fitar da dokin ya taka. Likita na ja, Nicasio na lallashi, Tero ya yi taku uku ya kafe. Ƙwaƙƙwaran motsi ɗaya bai ƙara ba.

A nan ne dabara ta faɗo wa tsohon. Kowane doki a garken nan, tun yana ɗanye aka ɗaure wuyansa da na Calandria mako da makonni, su ci tare, su sha tare, har ƙarar ƙararrawar wuyanta ta zauna masa a ka. Daga nan ko cikin dawakai ɗari aka saki bakwai ɗin, da zarar ta taka sun tsinto kansu sun bi bayanta. Ita kuwa ƙararrawar uwar garke, kowa ya sani, ba a kwance ta sai ranar da goɗiyar ta mutu. Nicasio ya fi kowa sanin haka, shi da ya sha yi wa wasu faɗa a kai.

Duk da haka ya bi motar maƙwabci ya koma gida da la'asar. Ya ce wa matarsa, Doña Eulogia, riga ya zo sakewa. Ya bari sai da ta shiga akurkin kaji, sannan ya lallaɓa wajen garke, ya shafa wuyan Calandria, ya ba ta haƙuri a kunne, ya kwance ƙararrawar. Ya cusa mata hankici don kada ta tona masa asiri, ya saka ta cikin riga, ya koma gari kamar mutumin kirki.

Washegari da sassafe ya tsaya a bayan ƙofar ɗakin ya kaɗa. Tero ya ɗaga kunne ɗaya. Ya ƙara kaɗawa, dokin ya ɗago kai a hankali, ya juyo, ya duba. Me zai gani in ba tsoho da ƙararrawa a hannu ba? Ya kalle shi na ɗan lokaci, ya mayar da kai ƙasa, har ya fi na jiya sunkuyawa.

Nicasio bai haƙura ba. Ya rataya ƙararrawar a wuyansa, ya shiga kai da kawowa a gaban ɗakunan, yana gyaɗa kai irin na goɗiya mai kiwo. Haka Likita Marisel ta zo ta same shi, dattijo da furfurarsa, yana ɗingishi yana kilin-kilin. Ta toshe baki da hannu, ta juya tana duba wata takarda a bango wadda ita ce ma ta manna ta.

"Yi dariyarki, 'yata, kada ta shaƙe ki," in ji shi.

"Ban ce komai ba, Don Nicasio."

"Ba takunta ba ne. Ya san takunta. Calandria ba ta ɗingishi." Ya cire ƙararrawar ya zauna kan bokitinsa. "Shekara goma sha ɗaya ban taɓa yi masa ƙarya ba, sai yau da yake kwance."

Likita ta sake saurarar cikin, ta fita.

Hantsi ya dubi ludayi, Nicasio na zaune yana juya ƙararrawa a hannu, sai Tero ya ɗago kai da kansa. Kunnuwansa biyu suka miƙe wajen taga. Ya yi wata 'yar haniniya a shaƙe, ta farko tun da aka kawo shi. Can daga bakin titi wata murya ta amsa masa, sannan aka ji kofatai da yawa a kan tsakuwa.

Nicasio ya ja ƙafa ya fita. Ga Doña Eulogia bisa Pampero, wanda ya fi duk garken rawar kai, ta ɗaure kai da ɗankwali, ta sa wandon mijinta, igiyar Calandria a hannunta na hagu, sauran dawakai biyar na biye sun yi sharkaf da gumi. Matar da rabonta da sirdi shekara goma sha biyar.

"Tsohuwa, lafiya? Me ya fito da ke?"

"Ɓarawon ƙararrawa nake nema. An ce yana nan, ya zo sake riga."

"Haba, Eulogia, a gaban mutane..."

"Mutane ai gara su ji. Ka bar mini dawakai shida suna zagaye gida suna kuka kamar an yi mutuwa, sun karya shinge, sun tattake mini kabewa. Ita kuma wannan baiwar Allah sai taɓa wuyanta take da gwiwa. Kai da wayonka, ka ɗauka ƙarfe dokin yake so? Uwarsa yake so. Miƙo nan."

Ya miƙa ƙararrawar. Ta ce shi ya kwance, shi zai ɗaura. Ya ɗaura.

Likita Marisel ta fito tana ƙirga dawakai da ido. Ta ce goɗiyar ba za ta shiga ciki ba, dokar asibiti ce, amma akwai filin ciyawa a baya. Ta sa aka kora sauran cikin shinge, ta kawo wa Doña Eulogia kujera.

"Sauko ki huta, Doña, a ba ki ruwa."

"Bar kujerarki, 'yar nan. Daga nan sama na fi ganin aiki."

Aka cire wa Tero robar ruwa aka fito da shi, Likita riƙe da ragamarsa. Ya yi takunsa uku ya tsaya kamar jiya. Eulogia ta taɓa Pampero da dunduniya, ta ja Calandria a hankali. Ƙararrawa ta soma faɗin abin da ta saba faɗi, ba sauri, ba tsalle, ƙara ɗaya kowane taku. Tero ya ɗaga ƙafa ya bi.

Suka zagaya filin sau ɗaya, sau biyu, tsohuwa a gaba, goɗiya a tsakiya, majinyaci da bandejinsa a baya, can ƙarshe kuma Nicasio yana ɗingishi, ba wanda ya gayyace shi. A zagaye na huɗu Calandria ta tsaya ta sunkuya tana figar ciyawa. Tero ya matso ya jingina kafaɗa da ita, ya shinshina, ya figi 'yar kaɗan.

"Loma biyar kawai," in ji Likita, "sai mu sake takawa."

Haka suka yi ta yi har rana ta take tsaka, a taka, a tsaya, a ɗan ci. Can Likita ta ɗora abin sauraro a kwiɓinsa, ta saurara, sannan ta cire shi daga kunnenta ta saka wa Nicasio. Ya ji wani ƙugi can ciki, kamar ruwa na bin bututu. Bai taɓa jin abu mai daɗin wannan ba.

Ba a yi rabin awa ba Tero ya tsaya, ya ɗaga wutsiya, ya yi abin da ake ta jira kwana uku. Kaɗan ne, curi huɗu, amma ga shi nan a ƙasa yana tururi. Likita ta durƙusa ta murza ɗaya da yatsa, ta ɗago tana murmushi. Nicasio ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, hawaye na bin gemunsa, bai ko damu ya share ba.

"Oh ni Eulogia," in ji matarsa daga kan doki. "Shekara arba'in da huɗu ina dafa wa mutumin nan abinci, bai taɓa cire mini hula ba. Yau ga shi ya cire wa kashin doki."

Likita ta kasa riƙe dariyarta wannan karon. Nicasio ya juyo da hular a hannu, ya tako har gindin likkafar matarsa.

"Na gode, tsohuwa."

"Riƙe godiyarka." Ta sunkuyo, ta rage murya yadda Likita ba za ta ji ba. "Zo ka sauko da ni, Nicasio. Tun daga gadar rafi na daina jin ƙafafuna, kunya ce ta hana ni faɗa."

Ya ajiye hular a ƙasa, ya kafa ƙafarsa mai lafiya, ya ɗaga hannu biyu. Ta zamo a hankali, nauyinta duka a kansa, ƙugunsa na ihu, bai nuna ba. Ƙafafunta sun taɓa ƙasa, amma bai sake ta ba, ita ma ba ta ce ya sake ta ba.