Manshan ɗin Baba

Da Baba ya ajiye tuƙin babbar mota ya gama ginin gidansa, ɗaki uku da falo, sai ya kira mai fenti ya rubuta masa MANSION a jikin get, da jan fenti har da ado. Ni da nake koyar da Turanci, kunya ta kusa kashe ni.

"Baba, manshan fa katafaren gida ne na masu hannu da shuni. Bene, ɗakuna rututu, lambu, wani har da wurin ninkaya."

"Ɗaki nawa ne ƙa'idarsa?"

"Babu ƙa'ida, amma..."

"To tunda babu, ki bar ni da nawa, Uwata."

Bai tsaya nan ba, ya ɗauki hoton get ɗin kaɗai ya tura wa dangi a waya. Su kuwa dangi ba su yi musu ba, suka tambayi ma'anar kalmar, aka ce musu gida ne da ba a rasa wurin kwana.

Gwaggo ce ta fara zuwa ganin likita, ta warke sarai amma ba ta ga hanyar komawa ba. 'Ya'yan ƙanin Baba suka zo neman aiki, suka samu filo. Kafin wata ya ƙare Baba ya bar wa baƙi gadonsa ya koma kujerar falo, shi da ciwon baya ya raba da mota. Ranar da na ga ya miƙe yana dafa bango, raina ya ɓaci sosai. Na sayo baƙin fenti, na nufi get.

Ya tarar da ni ina buɗe gwangwani.

"Ajiye, Uwata."

"Baba, kalmar nan ta hana ka gado. Bayanka fa?"

"Bayana ya saba. Tun rasuwar mahaifiyarki ni kaɗai nake cin abinci, ina jin ƙarar cokalina. Yanzu ko banɗaki sai na bi layi, kuma wallahi na fi son haka."

Idona ya ciko. Na mayar da murfin.

Ya matso ya rage murya.

"Ke da kika yi boko, babu wata kalmar da ta fi wannan girma? Dangin mahaifiyarki har yau ba su zo ba."